Ni Da Agogo Da Gwiwar Ƙarfe

Duk wanda ya zauna ya bi maganganun Hausa a tsanake zai tarar Bahaushe ya ɗora wa gwiwa kayan da bai ɗora wa wata gaɓa ba, in dai an ɗebe zuciya da ido. Idan mutum ya sami mai tsaya masa sai a ce ya sami ƙarfin gwiwa, in ya karaya a ce gwiwarsa ta yi sanyi, in jama'a suka taru a kan aiki guda a ce haɗin gwiwa suke yi. Mai neman afuwa gwiwa biyu yake zuwa. Mace mai naƙuda kuwa cewa ake yi tana kan gwiwa, saboda a durƙushe iyayenmu mata suka haife mu. Na shafe shekara talatin da ɗoriya ina koya wa yara irin waɗannan maganganu a aji, ina ba su maki a kansu. To, yau ga ni da gwiwar da rabinta ƙarfe ne da roba, ga kuma agogo a hannuna yana ƙirga duk takun da na yi da ita, kullum yana ba ni nawa makin. Wannan makin nake so mu duba tare da mai karatu, mu ga abin da yake aunawa da abin da yake tsallakewa.

Ciwon ya daɗe. Tun ina bakin aiki nakan ji gwiwar dama tana ƙara kamar tsohon ƙyaure idan zan hau matakala. Likitoci suna kiransa amosanin gaɓɓai, irin wanda ke zuwa da shekaru: guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, wanda ke sa su zame a kan juna ba tare da mutum ya sani ba, shi ne yake cinyewa a hankali har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Babu abin da ban gwada ba. Na sha ƙwayoyi, na shafa man zafi, an yi mini ƙaho, an yi mini allura a cikin gaɓar har sau biyu, na yi ta zuwa gashi. Kowanne ya ba ni hutun 'yan makonni ya wuce. Da ƙafar ta fara lanƙwashewa kamar baka, masallacin unguwa ma sai na tsaya sau biyu a hanya kafin in isa, dare kuma ya zama abin fargaba, sai na miƙa wuya. A farkon 2023 aka yi aikin.

Mutane da yawa suna zaton cire gwiwar ake yi ɗungurungum a sa wata, kamar yadda bakanike ke canza wa mota taya. Ba haka abin yake ba. Fere bakin ƙasusuwan ake yi a zubar da inda ya lalace, a sa wa na cinya hular ƙarfe mai santsi, a sa wa na ƙwauri faranti, a cusa roba mai ƙwari a tsakaninsu ta tsaya a madadin guringuntsi, sa'an nan a liƙe da wani irin siminti na ƙashi. Jijiyoyin gefe da naman cinya duk naka ne, su ne kuma za su yi wahalar. Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1890 wani likitan Jamus, Themistocles Gluck, ya sassaƙa gwiwa da hauren giwa ya sa wa mutane a Balin, sai dai ƙwayoyin cuta suka ɓata masa aikin. Irin wadda ake sawa a yau ta samo asali ne daga ƙirar da John Insall da abokan aikinsa suka fito da ita a Niyok a 1974. Ƙarko kuwa ba laifi, domin wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna a cikin kowace gwiwa 100 da aka sa, kimanin 82 suna nan suna aiki bayan shekara 25. Da likita ya gaya mini haka sai na lissafa shekaruna, na ce masa, "Ashe dai ita za ta raka ni, ba ni zan raka ta ba."

Agogon 'yata ta fari ce ta kawo shi, wadda ke aure a Kaduna, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake ce mata Uwata. Kwana uku da sallamo ni daga asibiti ta ɗaura mini shi, ta haɗa shi da wayata, ta haɗa wayar da tata, yadda duk takun da na yi a Kano za ta gan shi tana zaune a ɗakinta.

Ta ce, "Baba, na san halinka. In na bugo waya cewa za ka yi da sauƙi. Wannan kuwa ba ya jin kunyata."

Na ce, "Uwata, ɗan sanda kika ajiye mini ke nan."

Ta ce, "Ai gwamma ɗan sandan da ka zauna wuri ɗaya ƙafar ta sandare."

A cikinsa akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar dawa girma ba, tana jin motsi ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Idan mutum yana tafiya, jikinsa da hannunsa suna wani irin lilo mai maimaita kansa. Wannan lilon na'urar ke saurare, in ta ji shi sai ta ce taku ne. Wato ba ƙafar take gani ba, kintace take yi daga rawar hannu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kada kuma a ɗauka rigimar 'yan zamani ce kawai irin ta Uwata. Likitocin ƙashi da gaske suke yi da wannan abu. A 2018 kamfanin Zimmer Biomet, mai ƙera gwiwoyin ƙarfe, ya haɗa kai da kamfanin Apple suka fito da manhajar mymobility, wadda ke bin sawun majiyyaci ta agogonsa kafin aiki da bayansa, ta tuna masa motsa jiki, ta kai wa likita rahoto. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin gwiwar da ake kira Persona IQ, wadda na'urar tata a cikin sandar da ke shiga ƙashin ƙwauri take, tana ƙirga taku da saurin tafiya da yadda gaɓar ke lanƙwasawa, tana aikawa ta wata 'yar tasha da ake ajiyewa a gida. Wayar iPhone ma tun 2020 tana iya auna tsawon takun mai ita daga cikin aljihu, ta kuma gane ko yana fifita wata ƙafa a kan wata. Da mutum ne ke zuwa ya gaya wa likita yadda gwiwa take, yanzu gwiwar ce ke kai ƙarar mai ita.

Dalilin da ya sa suka koma ga na'ura dalili ne da na yarda da shi, ina ma ganin ya fi ƙarfi a kanmu bisa ga Turawan da suka ƙirƙiro ta. A da hanyar sanin ko aiki ya yi kyau biyu ce, ko dai a ɗauki hoton ƙashi a auna gwiwar a asibiti, ko kuwa a ba majiyyaci takardar tambayoyi ya cike. To, ka tambayi Bahaushe, "Yaya jiki?" Amsa ɗaya ce tun daga Sakkwato har Damagaram: "Da sauƙi." Na sha zuwa dubiya na ji wannan amsa daga bakin mutumin da bai kai gobe ba. Ba ƙarya muke yi ba. Raki abin kunya ne, ƙorafi a kan abin da Allah ya ɗora maka rashin godiya ne, ga kuma kara. Likita ya tsaya sa'a biyu a kanka, 'ya'yanka sun tattara abin da suka daɗe suna tarawa sun biya, da wane baki za ka ce har yanzu da saura? Na ga wani dattijo a ɗakin gashi, gumi na tsiyaya, ya kasa ɗaga ƙafa daga kan gado. Mai gashin ya ce masa, "Baba, daga ɗaya zuwa goma, zafin nawa ne?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." Aka sake tambaya, ya ce, "Sai godiya." Yaron ya riƙe biro yana kallon takarda, babu gurbin da zai rubuta wannan.

Ko a can inda mutane ba sa jin nauyin faɗin ciwo, an tarar da tazara tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da ƙafa ta yi. Wasu masu bincike a Ostiraliya sun ɗaura wa waɗanda aka canza wa gwiwa ko ƙugu na'urar auna motsi, kafin aiki da kuma wata shida bayansa, suka buga sakamakon a 2014. A takarda mutanen sun ce zafi ya ragu, rayuwa ta yi daɗi. Na'ura kuwa ta ce yawan motsinsu bai canza ba, zaman da suka saba shi suke yi. Su ma ba ƙarya suka yi ba. Zafin ya tafi, amma shekarun da aka yi ana gudun tafiya sun riga sun zama ɗabi'a, mai hali kuwa ba ya fasa halinsa don an sa masa sabon ƙarfe.

Ni kaina agogon ya yi mini rana. Wanda bai taɓa ba ba zai san wahalar mako na huɗu zuwa na shida ba. 'Yan dubiya sun ɗauke ƙafa, gwiwa na nan a kumbure da zafi kamar an sauke ta daga murhu, barci ba ya wuce sa'a biyu a jere, mai gashi kuma kullum yana tanƙwara ta har sai ka ga taurari da rana tsaka. A lokacin gani nake jiya da yau duk ɗaya ne. Wani dare na yi wa uwargida kukan cewa abin nan ba ya gaba. Ba ta ce mini uffan ba, sai ta kira autanmu ya buɗe wayar ya nuna mini zanen makonnin, sanduna a jere kamar matakala. Makon farko taku 400 da 'yan kai a yini, na uku ya haura 1,000, na biyar yana neman 2,000. Jiki magayi, in ji Hausawa, amma jiki mai mantuwa ne, zafin yau kawai ya sani. Agogon ne ya tuna mini inda na fito. Haka nan ranar da na je wurin gashi da gwiwa kamar tulu, tun kafin in buɗe baki yaron ya duba wayar ya ce, "Baba, biki aka yi ranar Asabar?" Biki kuwa aka yi, taku ya ninka na kullum sau biyu. Daga nan ya yanka mini ƙa'ida, ƙarin kowane mako kaɗan-kaɗan, kumburin bai sake dawowa haka ba.

Amma fa agogo sarkin aiki ne, ba sarkin hankali ba. Makonni biyun farko da ƙarfen dogarawa nake tafiya, hannu biyu a damƙe, babu lilo. Sai in zaga tsakar gida sau biyar ina haki, in duba in ga ya ba ni taku 30. An san wannan rauni nasa: mai jan ƙafa a hankali, wato mutumin da ya fi kowa bukatar a ƙirga masa, shi ya fi tauyewa. Ranar da na shiga Adaidaita Sahu muka bi wata hanya mai ramuka kuwa, taku ɗaruruwa ya ba ni kyauta ina zaune. Wata rana da la'asar jikana ya tarar da shi a jikin caji ina barci, ya ɗaura ya tafi filin ƙwallo. Ana idar da magariba sai ga waya daga Kaduna.

"Baba! 14,000? Ina ka je?"

Na ce, "Tambayi ɗanki, ga shi nan."

Ja'irin ya tsaya daga nesa inda sandata ba ta kaiwa, ya ce, "Tsoho, ai taimakonka na yi. Ka ga yau ka ci jarrabawa."

Jarrabawar da yake nufi ita ce taku 10,000, adadin da agogon ya zo da shi a rubuce kamar wani hukunci. Na bi asalinsa. Wani kamfanin Japan ne, Yamasa, ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, ya raɗa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne ya zama ƙa'idar lafiya a duniya. A 2019 aka buga wani bincike a Amurka a kan tsofaffin mata fiye da 16,000, masu shekara 72 a tsaka-tsaki, aka ga masu taku 4,400 a yini sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin kuma yana ta ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Na karanta wa Uwata wannan a waya, muka yi ciniki kamar a kasuwar Kurmi, muka tsaya a 6,000.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, masu gyaruwa. Babbar maganar tana wani wuri daban.

Mai gashi yana da wani ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi, yakan ɗora shi a gefen gwiwa ya karanta lanƙwasarta da digiri. Miƙaƙƙiyar ƙafa sifiri ce. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta neman fiye da digiri 65 ko makamancin haka. Hawa matakala da tashi daga kujera suna neman 90 zuwa 100. Gwiwar ƙarfe in ta yi kyau takan kai 110 zuwa 125, ta wasu ta ɗara. Ranar da tawa ta kai 120 sai da yaron nan ya tafa mini, ya ce, "Baba, ka gama. Duk abin da littafi ya ce ka yi shi." To, amma mutumin da ya naɗe ƙafa a zaman sallah gwiwarsa tana wuce nan nesa. Wasu masu bincike sun ɗauki hoton ƙashin mutane a Saudiyya a cikin irin wannan zama, suka buga a 1998, suka sami tsakanin digiri 150 da 165. Tsakanin 120 ɗin da aka tafa mini da 150 akwai digiri 30, a cikinsu kuwa rabin rayuwata take.

Mu lissafa, tun da lissafi ake so. Raka'a 17 ce farilla a yini, sujada 34, zaman tahiya 9, ban da zaman da ke tsakanin sujada biyu, ban da nafila. Agogon yana ƙirga takuna daga ƙofar gida zuwa ƙofar masallaci, 190 zuwa, 190 dawowa, yanzu ba ya kuskure. Da na cire takalmi sai ya yi shiru. Bai san na bar sahun farko ba, inda na shekara ashirin ina tsayawa a bayan liman, na koma can gefe jikin bango inda aka jera kujerun roba guda huɗu. Bai san idan jama'a suka kai goshi ƙasa ni a iska nake sunkuyar da kai ba, ina kallon bayansu. Na san hukuncin. Liman da kansa ya tako har gida ya tuna mini cewa wanda ba shi da iko a zaune zai yi, ladansa kuma ba ya raguwa. Na karɓa, na gode wa Allah da wannan sauƙi. Amma sanin hukunci daban, kewa daban. Goshina yana kewar ƙasa, a takardun likita kuwa babu gurbin wannan, kamar yadda babu na "sai godiya".

Ba a masallaci kaɗai ba. Da aka yi rasuwa a gidan wani aminina na je gaisuwa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, manya na zazzaune, cikinsu har da malamin da ya koyar da ni a firamare, mutumin da ya haura shekara 85, ya tanƙwashe ƙafa kamar yaro. Wani saurayi ya ruga ya kawo mini kujera, don alheri ya yi. Sai ga ni a sama, malamina a ƙasa, ina miƙa masa hannu daga bisa kamar hakimi ya zo rangadi. Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, ƙafar ce." Ya ce, "Zauna abinka, ɗana, Allah ya ƙara sauƙi." Shi ya yafe, amma ni minti goma na iya yi na tashi. A ranar agogon ya ba ni 7,200, ya yi rawa a hannuna, ya zana mini tauraro. Haka cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwa, haka zaman ɗaurin aure, haka alwala a bakin rariya. Ana cewa tsugunne ba ta ƙare ba, to ni dai tawa ta ƙare, don sai da aka kira magini ya canza mana masai kafin in dawo gida, kuɗin da ba ya cikin lissafin kowa.

Takardun tambayoyin ma da na ambata, a jikin masu zaman kujera aka gwada su aka yanka. Wadda ta fi shahara an tsara ta ne a Okusfod ta Ingila a 1998, tambaya 12 ce, maki 48 a yadda ake lissafa ta yanzu. Tambayoyi ne masu kyau, a kan zafin dare da ɗingishi da saukowa daga bene da shiga mota da cefane da wanka. Akwai mai tambayar zafin da ake ji idan an tashi daga kujera bayan an ci abinci a tebur. Durƙuso tambaya ɗaya tak ya samu, maki 4 cikin 48. Mutum zai iya faɗuwa wannan warwas ya fita da 44, a ce aikinsa ya yi kyau ƙwarai. Ga Baturen da ke durƙusawa a lambu jefi-jefi watakila rabon ya yi daidai. Ga mai sujada 34 a yini bai yi ba. Su kansu Turawan sun lura. Masu bincike a Biristol sun rubuta a 2019 cewa durƙuso shi ne abin da ya fi gagarar waɗanda aka yi wa wannan aiki, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 suna shan wahala da shi ko su kasa gaba ɗaya, alhali babu hujjar da ta nuna yana lalata ƙarfen. A Kanada kuma, a 2010, an tambayi mutum 1,703 bayan aiki, aka tarar kusan ɗaya cikin biyar bai gamsu ba, babban dalili kuwa shi ne abin da ya sa rai bai samu ba. Wato sau da yawa ba ƙarfen ne ya gaza ba, cinikin ne ba a yi shi a fili ba tun farko.

Ni ma namiji ne, ina da wuraren tara taku, masallaci da majalisa da kasuwa. Yayata, wadda aka yi wa nata aikin shekara guda kafin nawa, duniyarta tsakar gida ce. Na ba ta aron agogon na mako ɗaya. Ranar da ta yini tana tankaɗe a zaune ya yaba mata ƙwarai. Ranar da ta sauka kan kujera 'yar tsugunno ta yi wa jikarta jaririya wanka, ta kuma miƙe babu mai kama ta, abin da ta shekara uku ba ta yi ba, bai ga komai ba. Ta kwance shi ta ce, "Ungo abinka, Malam. Wannan bai san aikin mata ba."

A cikin ma'aunan da na karanta akwai guda da ya kwanta mini. Likitoci ne a Suwizalan suka fito da shi a 2012, shi kuwa ba ya tambayar zafi ko nisan tafiya, tambayarsa ita ce sau nawa kake tunawa da cewa gaɓar nan ba taka ba ce, a kan gado, a tafiya, a tsaye. Sun ce aikin da ya fi kowane kyau shi ne wanda mai shi ya manta da an yi. Gaskiyarsu. Wa ya taɓa tashi da safe yana tunanin gwiwar hannunsa? To, ga mai ƙoƙarin mantawa agogon ɗan tuni ne, in ka zauna sa'a guda ya zungure ka, da dare ya karanta maka sakamako. Da aka cika shekara na roƙi Uwata ta rage sintiri, muka daidaita a kan ranar Juma'a kawai za ta riƙa dubawa. Ban ma shiga maganar inda waɗannan alƙaluma suke zuwa ba. Kamfanin da ya san lokacin barcina da lokacin fitata ya san abin da maƙwabcina bai sani ba.

A ganina ba a bukatar jefar da agogo, ba a kuma bukatar jiran wani sabo daga waje. Kafin a kai mutum ɗakin tiyata a zaunar da shi a ce, "Baba, me kake so ka koma yi?" A rubuta abu uku da bakinsa, a gaya masa wanda zai samu da wanda da wuya, bayan aiki a auna waɗannan tare da taku. Tambayar ma a san yadda za a yi ta. Wanda zai ce maka "da sauƙi" in ka tambaye shi jiki, ba zai ɓoye maka ba in ka ce, "Asubar yau a kujera ka yi ta ko a ƙasa? Wa ya tashe ka daga tabarma? Yaushe rabonka da gaisuwar mutuwa?" Nan ne nake ganin mu masu alƙalami muna da aiki tare da likitocinmu, domin fassara takardar Okusfod zuwa Hausa ba za ta sauko da teburin cikinta ƙasa ba.

Ni dai littafin rubutu na saya, mai shafi 40 irin na 'yan firamare. Na rubuta abubuwana uku a shafin farko, na kai wa likita. Ya duba hoton ƙashin, ya ce zan iya gwada durƙuso a hankali, amma kada in tilasta wa gwiwar zama a kan diddige. Kowa kuma nasa likitan zai tambaya, don gwiwa ba ɗaya ba ce. Muka fara da mai gashi a kan katifa, sa'an nan a kan matashi ina riƙe da kujera, sa'an nan a kan dadduma mai ninki huɗu. Abin da ya fi ba ni wuya ba zafi ba ne, wani wuri ne a gefen tabon ta waje da ya mutu murus, saboda 'yar jijiyar fata da wuƙa ke bi ta kanta. In ka ɗora shi a ƙasa sai ka ji kamar a kan gwiwar wani ka durƙusa. Yanzu ma'aunin yana nuna 128. A gida, a nafilar dare, ina kai goshi ƙasa, zaman tahiya kuma in zame ƙafar dama gefe, in tashi da taimakon kujera. A masallaci har yanzu ina jikin bango, don tashina yana da jinkiri, ba na so in ɓata wa sahu.

Gwiwar hagu ta fara irin ƙarar da 'yar'uwarta ta yi. Likita ya ce in komo bayan Babbar Sallah a ɗauki hoto. Uwata ta ce za ta zo daga Kaduna ta raka ni, in tabbata na yi cajin agogon. Na gaya mata ta zo da wayarta, amma ni zan fara buɗe masa littafin.